Ta yaya yaro yake gane mugun fim tun bai yi komai ba?

Maman_Ilham:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu ilimin harkar fim ina da tambaya, abin ya tsaya min a rai tun shekaranjiya. Muna kallon Coraline ni da yarinyata, shekararta bakwai, fim ɗin nan na 'yan tsana da ya fito a 2009 wanda wata yarinya mai suna Coraline take bi ta 'yar ƙaramar ƙofa a jikin bango ta faɗa wani gida irin nasu sak, har da uwa irin tata sak, sai dai ita wannan idanunta maɓallan riga ne. To daidai wurin da yarinyar ta fara shiga kicin ta tarar da matar ta juya baya tana girki tana 'yar waƙa a hanci, matar nan ba ta ce uffan ba, ko juyowa ba ta yi ba balle a ga idon, sai ji nayi Ilham ta matso ta ƙanƙame min hannu tace Mama kar ta shiga, matar nan ba ta da kirki. Nace ya akai kika sani? Tace ni dai na sani.

Abinda ya ɗaure min kai shine wurin fa ba duhu, ba wani kiɗan ban tsoro da na lura dashi, kicin ɗin ma ya fi na gidansu na gaskiya haske da kyau nesa ba kusa ba, kuma uwarta ta gaskiya ita ce ma mai ɗaure fuska da rashin kula ta, kullum tana kan kwamfuta. In da ni ce yarinya ai sabuwar uwar zan zaɓa. Amma ita tun kafin komai jikinta ya ba ta, kuma ba wannan ne karo na farko ba, ko a katun haka take yi, mutum yana fitowa zata ce wannan shine bos.

Shine nake tambaya, da gangan masu fim suke saka wani abu da yaro zai gane ko kuwa dai yara ne Allah ya ba su wannan? In da gangan ne menene suke yi takamaimai? Ina so in sani ne saboda tana son irin finafinan nan masu ɗan duhu, ni kuma bana son hana ta, amma ina so in dinga gane inda tsoron zai fara in kasance kusa da ita, don daren ranar sai da ta dawo ɗakina ta kwana.

Baffa_Kyamara:

Wa alaikumus salam Maman Ilham. Da gangan ne wlh, ko ƙwayar abu ɗaya ba a bari ya shigo da kansa a irin wannan fim ɗin, musamman shi da kika ambata da yake 'yan tsana ake motsawa da hannu kaɗan kaɗan ana ɗaukar hoto ɗaya bayan ɗaya, kin ga wanda yake irin wannan wahalar ai ba zai juya wa mace baya haka kawai ba.

Ki fara tuna farkon fim ɗin tun ana rubuta sunaye. Wasu hannaye ne da yatsunsu allurai ne suka karɓi 'yar tsana, suka farke ta, suka zazzage cikinta, suka cire mata ido, suka sake ɗinke ta da kamannin Coraline suka ɗinka mata maɓalli a ido. Ba a nuna fuskar mai hannun ba. Mu manya lokacin rubutun sunaye muna gyara zama ne ko muna duba waya, yaro kuwa idonsa na kan tibi tun sakan na farko, to ita Ilham ta riga ta san akwai wani a fim ɗin nan da yake ɗinka abu ya yi kama da mutum, kuma ba ta ga fuskarsa ba, tana ta jiran fuskar. Sai ga mace a tsakar dare a gidan da bai kamata ya wanzu ba, ta ba da baya. Yarinyar ta haɗa biyu da biyu ne kawai ba tare da ta san ta haɗa ba.

Juya bayan nan babbar dabara ce. Mutum tun yana jariri fuska yake nema, a fuska muke karanta ko lafiya ko ba lafiya ba, ai shiyasa ake cewa labarin zuciya a tambayi fuska. In darakta ya hana ka fuska ya hana ka amsar, sai ƙwaƙwalwarka ta fara cike gurbin da kanta kuma kullum mafi muni take kawowa. Shi fim na iyali ba shi da damar nuna jini ko yanka, an ɗaure masa hannu, shiyasa duk ƙarfinsa yake zubawa a wurin jan rai kafin a ga mugun. Sai a nuna maka shi gunduwa gunduwa, takalmi tukuna, sai hannu, sai inuwa a bango, sai zobe ko sanda, fuska ita ce ƙarshe. Duba katun ɗin 101 Dalmatians na 1961, kafin ka ga Cruella, muguwar fim ɗin, ka ji an yi maganarta, ka ji hon da ƙarar tayar motarta, ka ga uwar karnukan ta gudu ta ɓuya, sannan inuwarta ta bayyana a gilashin ƙofa, tana shigowa kuma hayaƙin tabarta ya cika ɗakin. Kafin ta buɗe baki an gama gaya maka ko wacece.

Sai maganar inda ake ajiye kyamara, wannan ni shi ya fi burge ni a aikin. A fim ɗin manya yawanci kyamara tana daidai idon babba a tsaye. A fim ɗin da yaro ne jarumi sai a sauke ta ƙasa daidai tsayin yaron, in mugu ya shigo sai ta ɗaga kai tana kallonsa daga ƙasa, kafaɗunsa su cika allon, kansa ya kusa taɓa silin, ke babba da kike zaune kan kujera an mayar dake 'yar shekara shida ba ki sani ba. Matilda na 1996 haka suka yi wa shugabar makarantar nan Trunchbull, kyamara a ƙasa, ga takalmi ga bel ga bulala a hannu, in kuma za a ɗauki fuskarta sai a matso da lens, wato gilashin kyamara, mai faɗi dab da ita yanda hanci da baki zasu kumbura su fito gaba. Wannan lens ɗin ko fuskar wa kika kusanta dashi sai ta canza kama, ki gwada da kyamarar wayarki ta gaba ki kawo ta kusa da haɓa daga ƙasa zaki ga abinda nake nufi. Wani lokacin kuma a ɗan karkata kyamarar yanda bango da ƙofa zasu jirkice, ido ba ya son haka, nan take zaka ji wani abu ba daidai ba.

Haske ma haka. Rana daga sama take, fitilar ɗaki daga sama take, duk fuskar da muka saba gani inuwarta a ƙarƙashin hanci da haɓa take. In aka kawo haske daga ƙasa sai inuwar ta juye ta hau sama, fuskar da ka sani ta zama baƙuwa. Ko a haska rabin fuska a bar rabi a duhu, ko a saka hasken a bayan mutum ya zama baƙi ƙirin sai zanen jikinsa kawai.

Amma abinda ya sa Coraline ya fi sauran shiga jiki shine sun juya wannan ƙa'idar ta haske. Gidan gaskiya suka yi wa kala dishi dishi kaman toka, gidan tarko kuma suka cika shi da haske mai ɗumi da kaloli. Kyan ya yi yawa, komai an shirya shi daidai son ranta, yaro kuma ya san gida ba haka yake ba.

Zee_Zee:

Kai Yaya Baffa ka tuna min da Lion King wlh. Ana gama bikin nan na farko da rana ta haske ko'ina dabbobi sun taru sun rusuna, sai kawai a yanke a kai ka wani lungu mai inuwa ga ɗan ɓera yana 'yan shinshine shinshinensa, sai daf! ƙafa ta sauko ta danne shi. Ƙafar muka fara gani kafin mugun zakin Scar ɗin kansa, kuma bai cinye ɓeran nan take ba sai da ya tsaya yana wasa dashi a yatsunsa yana magana a hankali. Ina ƙarama wannan wasan da yake yi da ɓeran ya fi min ciwo akan in da cinyewa yayi kawai. Kuma sai yanzu na lura ashe shi kaɗai ne bai je bikin ba, tun a nan an ware shi daga kowa.

Kawu_Edita:

Baffa ya yi bayanin ido, bari in ƙara da na kunne don Hajiya ta ce ba ta lura da kiɗa ba, to ai kiɗan da ya yi aikinsa shine wanda ba a lura dashi ba. Ki gwada wani abu, duk sin ɗin da ya tsorata ta ki mayar dashi baya ki kashe sauti gaba ɗaya ki kalla, zaki ga rabin tsoron ya zube. Sannan ki kunna sautin ki rufe ido, zaki ji tsoron yana nan daram.

Abinda ake yawan yi shine a ba wa mugu ɗan gajeren kiɗa nasa na kansa, a dinga saka shi duk sanda ya kusa fitowa, sau biyu sau uku kunne ya haddace, daga nan ko bai fito ba in aka kaɗa shi gabanka sai ya faɗi. Wanda kowa ya sani shine na Jaws a 1975, fim ɗin kifin shark mai cin mutane, sauti biyu ne kacal mai kiɗan John Williams yake maimaitawa suna ƙara sauri, kuma kifin robar da suka ƙera yana ta lalace musu a ruwa shiyasa ba a cika nuna shi ba sai can gaba, kiɗan ne ya tsaya a madadinsa. Wancan ba fim ɗin yara bane amma tun kafin shi an yi irin haka a Bambi na 1942, inda mugun fim ɗin mafarauci ne da ba a taɓa nuna shi ba ko sau ɗaya, daga farko har ƙarshe. Kiɗa ne yake canzawa, uwar barewar ta ɗaga kai ta kafa kunne, tsuntsaye su tashi, sai ƙarar bindiga. Ko mutuwar uwar ba a nuna ba, ɗan ne kawai yake yawo cikin dusar ƙanƙara yana kiranta, amma shekara sama da 80 mutane na tuna wurin nan.

Shi kuma Coraline mawaƙin da ya yi musu kiɗa Bafaranshe ne Bruno Coulais, ya saka muryoyin yara suna rera waƙa da kalmomin da ba na kowane yare bane. Kunne yana jin kaman waƙar reno ce amma ya kasa kama ma'anar ko kalma ɗaya, daɗi da rashin natsuwa a haɗe. Ita ma waƙar hancin da matar take yi a kicin irin wannan ce, uwar gaskiya ba ta yi, a gajiye take kullum, sai ga mai kama da ita tana nishaɗi a tsakar dare. Kuma 'yar wasa ɗaya ce Teri Hatcher ta yi muryar uwayen biyu, murya ɗaya amma ta biyun ta fi zaƙi, zaƙin har ya wuce misali.

Shiru ma makami ne. A wurin haɗa fim muna ajiye ƙananan sautuka a ƙasa da mutum ba ya lura dasu, iska, agogo, kukan tsuntsu, hayaniyar yara daga nesa. Dab da mugu zai shigo sai a janye su duka, ɗakin ya yi tsit, sai takunsa kawai ko ƙarar ƙofa. Yaro ba zai iya ce miki an cire kukan tsuntsu ba amma zai ji duniyar ta tsaya.

Wani abu kuma daga ɓangarenmu na masu yanka hoto, ba mugun ne yake tsorata mutum ba, fuskar wanda yake kallonsa ce. Wani ɗan Rasha Lev Kuleshov ya gwada haka wajen shekara ɗari da suka wuce, ya ɗauki fuskar ɗan wasa guda ɗaya da ba ta nuna komai, ya dinga haɗa ta da hotuna daban daban, masu kallo suka dinga ganin yunwa a wuri ɗaya baƙin ciki a wani wurin alhali fuskar ba ta canza ba. To haka muke yi, a nuna yara suna wasa, a nuna sun yi cirko cirko, a nuna kare ya nannaɗe jela ya shige ƙarƙashin tebur, sannan a nuna mai shigowa. Ko murmushi yake an riga an gama dashi. Yara kuma sun fi mu iya wannan karatun don rayuwarsu kenan, kullum fuskar manya suke kallo su gane yau lafiya ko a kama kai.

Maman_Ilham:

Ikon Allah. Na gode sosai Malam Baffa da Kawu, Allah ya ƙara basira. Yanzu na mayar da farkon na kalla ni kaɗai kuma gaskiya ne, ranar ina kicin lokacin da ake nuna hannayen allurar, ita kaɗai ta gani. Ashe ita ta fi ni sanin fim ɗin da muke kallo. Abin idon ma na ƙara lura, da matar ta juyo tana murmushi bakinta yana dariya amma maɓallan nan ba sa ƙiftawa kuma ba ka sanin ina suke kallo, sai naji tsigar jikina ta tashi ni da nake babba.

Malama_Hauwa:

Bayanan nan sun yi ma'ana amma ni akwai inda abin yake damuna kuma ina so a faɗe shi tunda maganar yara ake. Ina koyar da 'yan firamare, kuma abinda nake gani shine waɗannan dabarun ba a cikin tibi suke tsayawa ba, yaro yana fita dasu waje. In shekara da shekaru duk mugun da ya gani mai tabo ne a fuska, ko mai lanƙwasasshen hanci, ko ramamme dogo mai kaifin haɓa, ko ƙatuwar mace mara fara'a, ko kalarsa ta fi ta jarumi duhu, to me muka koya masa? Shi Scar ɗin da Zee ta kawo ai sunansa ma tabo yake nufi, kuma an yi shi ya fi ɗan'uwansa duhu da rama. Na taɓa samun yarinya a ajina da ƙunar wuta a gefen fuska, makonni aka yi yara ba sa zama kusa da ita, ɗaya har ya ce min tana kama da mayyar katun. Yarinyar nan ba ta da hayaniya ko kaɗan, ranar da naji maganar nan sai da na fita waje na share hawaye.

Kuma ba ni kaɗai nake wannan ƙorafin ba. A Birtaniya wata ƙungiya mai suna Changing Faces ta yi kamfen akan haka a 2018, har hukumar fim ta ƙasar BFI ta ce ta daina saka kuɗinta a fim ɗin da yake amfani da tabon fuska a matsayin alamar mugunta. Da aka sake yin The Witches a 2020 aka yi wa mayun hannaye masu yatsu uku, masu irin wannan lalurar ta hannu suka yi magana sosai, sai da kamfanin Warner Bros da jarumar fim ɗin Anne Hathaway suka ba da haƙuri. To kun ga abin ba ƙarami bane.

Ɗaya gefen kuma ya fi ban tsoro. Wanda yake cutar da yaro a zahiri ba ya zuwa da hayaƙi da kiɗa, da fara'a yake zuwa, sau da yawa ma wanda iyaye suka yarda dashi ne, Musa a baki Fir'auna a zuci. In yaro ya saba mugu sai mummuna to ya zai yi da mai kyakkyawar fuska da daɗin baki? Shiyasa ni in zan zaɓa wa yara fim mai duhu gara irin wanda Maman Ilham ta kawo, da mugun ya zo da kyauta da kulawa.

Baffa_Kyamara:

Malama Hauwa gaskiya kika faɗa kuma ban ji daɗin labarin yarinyar nan ba, Allah ya saka miki da kika tsaya mata. Ni a wurina tabo da muni aikin malalacin darakta ne, hanya ce mafi sauƙi, a shafa wa mutum abu a fuska a huta. Duk abinda muka lissafa a sama, tsayin kyamara, haske, shiru, fuskar masu kallonsa, jan rai kafin a nuna shi, babu wanda yake buƙatar ɗan wasan ya zama mummuna. Ka ba ni mutum mafi kyau a duniya in ajiye kyamara a ƙasa in kashe hayaniyar ɗakin in nuna yaro ya daina dariya, wlh sai an ji tsoronsa.

Akwai wani tsohon fim baƙi da fari na 1955, The Night of the Hunter, ba na ƙananan yara bane kar a kunna musu, amma labarin yara biyu ne wa da ƙanwa. Mugun kyakkyawan mutum ne, ɗan wasa Robert Mitchum ne ya fito a matsayinsa, ya zo a matsayin mai wa'azi, baki kaman zuma, duk manyan garin suka rungume shi har uwar yaran ta aure shi. Yanda ya fara shiga rayuwar yaran shine yaron yana ba wa ƙanwarsa labari da daddare a ɗakin kwanansu sai inuwar kan mutum da hula ta mamaye bangon, ƙatuwa, ya leƙa taga ya hango shi tsaye a ƙarƙashin fitilar titi. Daga nan yaron ne ya fara gane gaskiya, yawancin manya ba su gani ba. Mu mun saba cewa abinda babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, to irin waɗannan finafinan juya maganar suke yi, kuma inaga asalin tsoron da yake cikinsu kenan, ba dodon ba, a'a ka ga abu ka faɗa a ƙi yarda da kai saboda kai yaro ne. Darakta yana saka mu a gefen yaron ta hanyar nuna mana ɗan abinda manyan cikin fim ba su gani ba, murmushin da yake gogewa da zarar an juya baya, hannun da ya matse kafaɗar yaro fiye da kima alhali baki yana faɗin alheri.

A Tangled na 2010 ki lura da matar da ta sace yarinyar ta raine ta a matsayin uwa. In zata nuna mata so gashin take shafawa, gashin take sumbata, don gashin take buƙata ba yarinyar ba, kuma zata faɗi magana mai ciwo sannan ta ce wasa take. Ba a karkata kyamara ba ba a yi hayaƙi ba a wurin, inda hannunta yake zuwa ne kawai ya tona ta. Wannan shine irin wanda nake so yaro ya iya karantawa.

Inda kuma bana tare da masu fim na yanzu shine in sun ɓoye mugu gaba ɗaya don kawai su ba da mamaki a ƙarshe. Kaman yariman nan Hans na Frozen, akwai wurin da ya faɗa ruwa bayan haɗuwarsa ta farko da gimbiyar fim ɗin, ba kowa a wurin ba mai kallonsa amma yake murmushin soyayya shi kaɗai. To wa yake yaudara a nan in ba mu masu kallo ba? Ni a ganina wannan rashin adalci ne ga yaro, ka hana shi duk wata alama sannan ka ce masa ashe mugu ne. In za a ɓoye a ɓoye amma a bar sawu, yanda in ya sake kallo zai ce au ga shi nan tun farko.

Zee_Zee:

Yaya Baffa a nan kam ban yarda da kai duka ba, ai wani lokacin haka mutane suke, ba sawun komai sai ranar da ya juye maka. Ƙanwata bayan ta kalli Frozen tambayar da ta yi min ita ce dama mutum zai iya yin kirki na ƙarya? Kuma ni naji daɗin tambayar. Amma maganar murmushin cikin ruwa kam ka yi gaskiya, wannan wurin bai kamata su saka ba.

Maman_Ilham:

Malama Hauwa maganarki ta shige ni, don ko Ilham na taɓa jin ta ce wani mai gadi yana kama da bos saboda ba ya dariya, na yi mata faɗa a lokacin amma ban tsaya na yi tunanin daga ina ta ɗauko ba. Jiya mun sake kallon fim ɗin da rana tsaka ba da daddare ba, rimot yana hannunta, nace duk inda taji gabanta ya faɗi ta tsayar ta nuna min me ta gani. Ta tsayar a wurin hannayen allura, ta tsayar a kicin, na tambaye ta me yasa tace saboda matar ta san Coraline zata zo alhali ba wanda ya gaya mata. Ni ban ma kawo wannan ba sam. Sai kuma can gaba wurin da matar ta miƙo mata akwatin kyauta da maɓallai da allura a ciki, nan ma ta tsayar, tace Mama kin gani ai dama duk abin da take ba ta so take ta karɓi idonta.

Na gwada na Kawu ma, na kashe sauti a wurin da matar ta fara tsawo tana ramewa, ta kalla har ƙarshe ba ta rufe ido ba, da na mayar da sautin kuma ta ce in rage. Daren jiya a ɗakinta ta kwana amma ta ce in bar mata fitilar korido a kunne, kuma 'yar tsanarta mai idon maɓalli ta saka ta a durowa ta rufe. Kawu in akwai wasu finafinan da mugun ba mummuna bane wanda 'yar shekara bakwai zata iya ɗauka dan Allah a rubuto min sunayensu, hutun nan nake so mu kalla tare.